Takardun Mota Da Babur: Abin Da Ke Samun Wanda Nasa Suka Mutu

Da zarar kaka ta yi, hanyoyin karkara sukan cika da ababen hawa. Ga akori-kura ɗauke da buhunan masara, ga kiya-kiya cike da 'yan cin kasuwa, babura kuwa ba a magana. A wannan lokaci ne manomi kan sayar da amfanin gona ya sayi babur, ko 'yan uwa su haɗa kuɗi su sayi tsohuwar mota don jigila. To, amma akwai abu guda da jama'a ba su cika kula da shi ba, sai ranar da aka tare su a hanya. Wannan abu shi ne takardu.

Dokar Nijeriya ta ce duk abin hawa mai inji da zai hau hanyar gwamnati, tilas a yi masa rajista. Mota ce, babur ne, A-daidaita-sahu ne ko tirela, duk hukuncinsu ɗaya. Wanda ya hau hanya babu rajista ya yi laifi. Wanda ya yi rajista amma ya bar takardunsa suka mutu, shi ma ya yi laifi. Cewa "ban sani ba" ba ta fid da mutum a gaban alƙali.

Mece Ce Rajista?

Rajista ita ce shigar da abin hawa cikin littafin gwamnati. Ana rubuta sunan mai shi, da inda yake zaune, da irin abin hawan, da launinsa. Ana kuma rubuta lambar injin da lambar shasi, wato lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfen motar tun daga inda aka ƙera ta. Bayan haka sai a ba mutum lamba ya maƙala. Mota tana ɗaukar lamba biyu, gaba da baya.

Ana yin wannan aiki ne a ofishin lasin, wanda a yawancin jihohi ke ƙarƙashin hukumar tattara haraji ta jiha. Kuɗin da aka biya yana shiga baitulmalin jihar.

Ita kanta lambar tana magana ga wanda ya iya karanta ta. A sama akwai sunan jiha. Haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajistar. ZAR na nufin Zariya, DRA na nufin Daura, FTA na nufin Funtuwa, DAL kuma Dala a Kano. Launin rubutun ma yana da ma'ana. Shuɗi na motar gida ne. Ja na motar haya ne. Kore na gwamnati ne. Baƙi kuwa na sojoji da makamantansu ne. Saboda haka wanda ya yi rajistar motarsa da shuɗin rubutu, sannan ya shiga tasha yana lodin fasinja, ya saɓa wa abin da ya gaya wa gwamnati. Irin lambar da ke ɗauke da taswirar Nijeriya a tsakiya an fara fitar da ita ne a shekarar 2011.

Dattawa za su tuna lokacin da ake yankar lasin keke a hannun En'e. Har yanzu keke, da amalanke, da baro, da kwalekwale, lasinsu yana hannun ƙaramar hukuma ne. Amma abin da ke da inji ba nan ake yi masa ba. A nan ne wasu ke ruɗewa. Ɗan acaɓa zai yanki tikitin ƙungiya ko na ƙaramar hukuma kowace safiya, ya ɗauka ya gama da gwamnati. A'a. Tikiti daban, rajista daban. Tikitin shekara goma ba ya zama lamba.

Takardun Da Ake Tambaya

Lamba sau ɗaya ake yankarta. Amma tana tafe da wasu takardu, waɗanda direbobi ke kira fatikula. Yawancinsu suna da wa'adi.

Ta farko ita ce lasin mota. Shekara guda yake yi, sannan a sabunta shi. Shi ne ake liƙawa a gilashin gaba. Ta biyu ita ce inshora, ita ma shekara guda take yi. Ta uku ita ce takardar lafiyar mota, wadda jami'an V.I.O. ke bayarwa bayan sun duba birki, da taya, da fitilu, da sauransu. Motar haya ana son a duba ta duk wata shida, domin rayukan jama'a take ɗauka. Akwai kuma takardar shaidar mallaka, mai nuna cewa abin hawan na wane ne. Idan daga waje aka shigo da motar, akwai takardar kwastan mai nuna an biya kuɗin fito.

Duk waɗannan na abin hawan ne. Shi kuma mai tuƙi yana da tasa takardar, wato lasin tuƙi. Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Ana yankarsa na shekara uku ko na shekara biyar. Mai babur ma yana da nasa rukunin, wanda ake kira rukunin A. Mutane da yawa a karkara suna tsammanin babur ba ya bukatar lasin tuƙi. Yana bukata.

Yadda Ake Gane Takarda Ta Mutu

Wannan shi ne wurin da ya kamata mai karatu ya natsu. Yawancin waɗanda ake kamawa ba taurin kai suka yi ba. Takardun suna cikin aljihun mota, a naɗe cikin leda, amma ba wanda ya buɗe su tun ranar da aka karɓo.

A kowace takarda akwai kwanan wata biyu. Ɗaya na ranar da aka bayar da ita, ɗaya na ranar da za ta mutu. Da Turanci ake rubutawa. Inda aka ga kalmar Expiry ko Expires, to nan ne ranar mutuwarta. Yawanci lambobi uku ne a jere. Ta farko rana, ta biyu wata, ta uku shekara. Misali, idan an rubuta 05/11/2025, ana nufin ranar 5 ga wata na 11, wato Nuwamba, shekarar 2025. Wanda ya hau hanya da wannan takarda ranar 6 ga Nuwamba, da matacciyar takarda ya hau.

A lura, da watan Turawa ake wannan lissafi, ba da watan Musulunci ba. Amma akwai wata dabara a nan. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kamar kwana 11. Saboda haka wanda ya yanki takardunsa a farkon watan azumi, in ya koma ofishin lasin a farkon azumi mai zuwa, zai tarar bai makara ba, har da sauran kwanaki a hannunsa. Wanda bai da kalanda a gida yana iya riƙe wannan.

Haka kuma ba lallai ne takardun su mutu rana ɗaya ba. Lasin mota yana iya kasancewa da rai alhali inshora ta mutu tun watan jiya. Kowace sai an duba ta ita kaɗai.

Tarar Da Doka Ta Yanka

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda jama'a ke kira Rod Sefti, an kafa ta ne a watan Fabrairu na 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A shekarar 2007 Majalisar Tarayya ta yi mata sabuwar doka. A ƙarshen wannan doka an jera laifuffukan hanya, kowane da kuɗin tararsa.

Ga abin da dokar ta 2007 ta rubuta. Hawa hanya babu lasin mota, ko da wanda ya mutu, tara N3,000. Rashin lamba, ko laifin da ya shafi lamba, N3,000. Tuƙi babu lasin tuƙi mai rai, N10,000. Hawa babur babu hular kwano, N2,000. Tafiya da jabun takardu, N20,000. Ƙoƙarin ba jami'i cin hanci, N10,000. Dukan jami'i yana bakin aiki, N10,000.

Majalisar Tarayya ce ke da ikon ƙara waɗannan kuɗaɗe. Lokacin da aka yanka su, mafi ƙarancin albashi bai kai N10,000 ba. A shekarar 2024 kuwa an mayar da shi N70,000. Shi ya sa wasu ke ganin N3,000 ba a bakin kome take ba, har su ce gara a kama su su biya da su je su bi layi a ofis. Wannan lissafi gurgu ne.

Da farko, laifi ba ya zuwa shi kaɗai. Wanda babur ɗinsa ba shi da lamba, ba yadda za a yi ya sami lasin abin hawa, domin a kan lamba ake rubuta shi. Sau da yawa kuma ba shi da lasin tuƙi. Idan aka haɗa N3,000 da N3,000 da N10,000, an sami N16,000 a tsayuwa guda. In babu hular kwano, N18,000 ke nan.

Na biyu, biyan tara ba ya rayar da takarda. Wanda ya biya yau, sai ya je ya sabunta takardunsa da wani kuɗin. In bai yi ba, gobe a gaba wasu jami'an su sake kama shi a kan laifin nan dai.

Na uku, kowane laifi yana da maki da ake rubuta wa direba. Laifin lasin mota maki uku ne, na lasin tuƙi maki goma. Idan maki ya taru da yawa, ana iya dakatar da lasin direba ko a karɓe shi.

Bayan haka, ba Rod Sefti kaɗai ke kan hanya ba. Akwai 'yan sanda. Akwai V.I.O. masu farar riga da baƙin wando. Jihohi kuma sun kafa nasu hukumomin, kamar KAROTA a Kano, wadda aka kafa a 2012, da KASTLEA a Kaduna. Kowace jiha tana da dokarta da tararta, kuma kuɗin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ba lallai ne ya tsaya a kan na tarayya ba.

A watan Oktoba na 2024, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa jami'an V.I.O. na Abuja ba su da ikon tare mota a hanya, ko kama ta, ko cin tara. Labarin ya bazu a tashoshi, har wasu direbobi suka ce an soke takardu. Ba haka ba ne. Hukuncin ya yi magana ne a kan ikon waɗancan jami'ai. Bai ce a daina yankar lasin ba, bai kuma taɓa Rod Sefti ko 'yan sanda ba.

Asarar Da Ta Fi Tara

Abin da ya fi tara ciwo shi ne riƙe abin hawa. Doka ta ba jami'ai ikon kai mota ko babur ofishinsu har sai an biya, ko har kotu ta yi hukunci. Dokar 2007 ta ce idan abin hawa ya wuce awa 24 a hannunsu, za a riƙa biyan kuɗin ajiya N200 kowace rana. Kwana 30 na ajiya ya zama N6,000, wato ninki biyu na tarar lasin. Idan kuwa aka yi wata shida mai shi bai zo ba, hukumar tana iya zuwa babbar kotu ta nemi izini, a yi gwanjon abin hawan, kuɗin ya shiga baitulmali.

A ɗauki misali. Manomin rani ya tsinke tumatir kwando 40 a wajen Kura. Ya yi shatar akori-kura da asuba don ya kai kasuwar 'Yankaba a Kano. Bai tambayi direba kome ba, ya dai ga mota tana tashi. A hanya aka tare su, aka tarar lasin motar ya mutu tun wata uku da suka wuce. Aka juya da motar zuwa ofis. Tarar direba ƙarama ce. Amma kafin a rubuta takarda, a je a biya, a dawo da rasit, rana ta take. Dillalai sun gama ciniki, masu saye sun watse. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. In manomin ya ce zai sauke ya nemi wata motar, ga kuɗin 'yan dako, ga sabon kuɗin shata. In abin ya faɗa ranar Juma'a da yamma, ana iya kai wa Litinin.

Shi manomin nan bai yi laifin kome ba, amma shi ya fi kowa asara. Saboda haka ba rashin kunya ba ne mai kaya ya dubi gilashin mota kafin a yi lodi, ko ya ce wa direba, "Malam, takardunka suna da rai kuwa?" Direban kirki ba zai ji haushi ba. Haka mai kai mara lafiya asibiti, ko mai kai amarya, ko mai ɗauke da dabbobi zuwa kasuwa cikin zafin rana.

Maganar Inshora

Inshora ita ce takardar da aka fi rainawa, alhali ita ce mai hukunci mafi tsanani. Wadda doka ta tilasta ita ce mai kare wani, ba mai motar ba. Ma'anarta ita ce, idan mota ta buge mutum, ko ta lalata dukiyar wani, kamfanin inshora ne zai biya diyya. Ba ta gyara motar mai ita. Wanda aka yi wa ɓarna take biya.

Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora ta ƙara kuɗinta. Na motar gida ya tashi daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara. Na A-daidaita-sahu aka sa N5,000, na babur N3,000. Abin da kamfani zai biya a kan ɓarnar dukiya shi ma ya ƙaru. Na motar gida ya tashi daga naira miliyan ɗaya zuwa miliyan uku.

Dokar inshora ta 2003 ta yanka wa wanda ya hau hanya babu wannan takarda tarar N250,000, ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun. A 2025 an yi sabuwar dokar inshora, ita ma ta bar wannan inshora a kan tilas. A ranar 1 ga Fabrairu na shekarar 2025 ne kuma 'yan sanda suka fara tsananta bincikenta a duk faɗin ƙasa.

Tsautsayi ba ya sallama. Idan ɗan acaɓa ya buge yaro, ko akori-kura ta faɗa wa shagon wani, sai a nemi takardar inshora. In ta mutu ko da jiya ne, kamfani ba zai biya ko kwabo ba. Sai nauyin ya dawo kan direba da mai motar. A irin wannan hali ne ake sayar da gona ko shanun noma don a biya magani ko diyya. Duk don an ƙi biyan kuɗin inshora.

Babur Marar Lamba

A ƙauyuka da dama, babur mai lamba shi ne abin kallo. Mutum zai sayo sabo a kwali, a haɗa masa, ya hau ya tafi gida da rasit kawai. Hujjarsa ita ce, daga gida sai gona, daga gona sai kasuwar mako, ina zai haɗu da jami'i? Amma ran da matarsa za ta haihu cikin dare, dole ya hau kwalta zuwa asibitin gari.

A shekarar 2019 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ba da sanarwar fara kama babura da A-daidaita-sahu marasa lamba a duk ƙasa. Babban dalilin shi ne tsaro. Miyagu sun daɗe suna amfani da babur marar lamba, domin in sun yi ta'asa ba a iya bin sawunsu. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni da kewaye. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba kuwa, jami'an tsaro suna yi wa babur marar lamba kallon tuhuma. Mutumin kirki yana iya kwana a tsare yana amsa tambayoyi saboda wannan kaɗai.

Ga kuma sata. Idan aka sace babur mai rajista, mai shi zai kai lambarsa da lambar injin ga 'yan sanda. In an gan shi ko a wata jiha ne, littafin gwamnati zai nuna mai shi. Marar rajista kuwa, ko an kama ɓarawo da babura 20 an jera su, da me mutum zai ce wannan nawa ne? Babur ja duk kamarsu ɗaya. Rasit kuma in ya jiƙe da ruwan sama ko gara ta ci, shi ke nan.

Sayen Na Hannu

Yawancin motocin karkara na hannu ne. Wata ta bi ta hannun mutum huɗu ko biyar, amma har yanzu takardunta suna ɗauke da sunan wanda ya fara saye a Legas ko Fatakwal. Wannan haɗari ne ga mai saye da mai sayarwa.

Mai saye ya fara duba lambar injin da lambar shasi a jikin motar, ya gwada su da na takarda, harafi bayan harafi. In sun saɓa ko da lamba ɗaya ce, ko aka ga alamar an kankare ƙarfen an sake bugawa, to ya riƙe kuɗinsa. Wanda aka kama da motar sata, shi zai fara yin bayani, ko da da guminsa ya saya. A kuma nemi takardar kwastan. A watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa. Motar da aka yi fasa-ƙwaurinta tana da araha, amma jami'an kwastan suna iya karɓe ta duk inda suka gan ta.

Idan ciniki ya faɗa, a rubuta takardar yarjejeniya, da sunan mai saye da mai sayarwa, da kuɗin, da kwanan wata, da shaidu. Sannan a je ofishin lasin a yi canjin mallaka. Mai sayarwa ya fi kowa bukatar wannan. Muddin sunansa ne a littafin gwamnati, in aka yi fashi da motar ko ta kashe mutum aka gudu, ƙofar gidansa za a fara ƙwanƙwasawa.

Wasu kuma sukan cire lambar tsohon babur da ya lalace su ɗaura wa sabo. Wannan laifi ne. Kowace lamba an rubuta ta ne tare da injin da shasin abin hawa guda. Sai ofishin lasin ne ke iya canza wannan.

'Yan Cuwa-cuwa

A bakin ofisoshin lasin da tashoshin mota akwai masu tarar mutum da fara'a, su ce ya kawo kuɗi ya je ya sha shayi, kafin ya dawo an gama. Mutumin ƙauye da ke son ya koma gida kafin magariba yana saurin yarda da su. Wasunsu sukan kawo takarda mai kyaun gani, da hatimi, da sa hannu, amma ba ta shiga littafin gwamnati ba. Inshora ce aka fi yi wa haka. Duk inshorar da aka sayar ƙasa da kuɗin da hukuma ta yanka, abar tuhuma ce.

Da can jami'i da ido yake duba takarda. Yanzu yana iya buga lambar mota a waya ko kwamfuta, nan take ya ga ko tana cikin rajista, ya kuma ga ko inshorar ta gaskiya ce. In jabu ce, wanda ke riƙe da ita shi ne mai laifi. Ɗan cuwa-cuwa ya riga ya ɓace. Ga asarar kuɗin farko, ga tarar jabun takardu, ga kuɗin yin ta gaskiya.

Hanyar tsira ita ce mutum ya shiga ofis da ƙafarsa. Ya tafi da abin hawan, da rasit ɗin saye, da katin ɗan ƙasa, da hotunan fasfo. Ya tambayi ma'aikaci kuɗin kowace takarda, ya biya inda aka nuna masa, ya karɓi rasit. Kafin ya bar wurin ya karanta sunansa, da lambar motar, da ranar mutuwar takardar. In rubutun ya yi masa ƙanana, ya nemi ɗansa ɗan makaranta ko malamin ajinsu su duba tare.

Idan An Tare Mutum

Wanda aka ɗaga wa hannu ya sauka gefen hanya ya tsaya. Gudu ba ya da amfani. Sau da yawa garin guje wa ƙaramar tara ake kifewa da fasinja. Ya yi sallama, ya miƙa takardun da aka tambaya. In an sami laifi, jami'in Rod Sefti zai rubuta masa takardar laifi, mai ɗauke da sunan laifin da kuɗinsa. Yana iya riƙe lasin tuƙi, ko takardun mota, ko motar kanta.

Ba a biyan tarar Rod Sefti a hannun jami'i a bakin hanya. A banki ake biya, kuɗin ya shiga asusun gwamnati kai tsaye. Sai a kai shaidar biya ofishinsu a karɓi abin da aka riƙe. Wani lokaci sukan zaunar da masu laifi su yi musu lacca a kan dokokin hanya kafin a sallame su. Wanda ya dunƙule na goro ya miƙa, ya ƙara wa kansa laifi na biyu, wanda tararsa ta ninka ta lasin fiye da sau uku. Kuma ko an karɓa, takardarsa tana nan a mace, ga wani shingen a gaba.

Wanda yake ganin an zalunce shi ba dole ne ya biya ba. Yana da damar ya ce a kai shi gaban alƙali. Akan kafa kotun tafi-da-gidanka a bakin manyan hanyoyi, musamman lokacin sallah da ƙarshen shekara. Majistare ne ke zama, ya saurari jami'i, ya saurari direba. In takardun mutum suna da rai, ya nuna su a sallame shi. In ba su da rai, alƙali yana iya cin sa tara, yana kuma iya ɗaure shi in laifin ya kai.

Wani lokaci takardun ba mutuwa suka yi ba, ɓata suka yi, ko gobara ta cinye su, ko ambaliya ta tafi da su. Wanda haka ta same shi kada ya jira sai an tare shi. Ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa ya kai rahoto, a ba shi takardar shaida. Ya je kotu ya yi takardar rantsuwa. Da waɗannan biyun zai koma ofishin lasin da ya yi rajista a fitar masa da wasu. Aikin yana sauƙi ƙwarai idan tun farko ya yi hoton kowace takarda ya ajiye a gida, cikin akwati ko gwangwani mai murfi, ya kuma rubuta lambar injin da ta shasi a bangon littafinsa.